Tafintan Ƙofa ta Tara

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun da sassafe, wai na bar Fikri tsaye da faifai a hannu har kwana uku, na ji ƙorafinku. Ga shi na zaunar da shi. Masu son Wagdi kuma ku yi haƙuri da ni yau.

*

Bayan la'asar Fikri ya sauke ƙofar shagonsa zuwa rabi, abin da bai taɓa yi ba a ranar aiki. Hasken teku ya shigo ta ƙasan ƙofar ya kwanta a kan siminti yana motsi a hankali. Daga bakin ruwan unguwarsu, Anfushi, ana jiyo gudumar masu ƙera jirage, ɗaya na bugawa ɗaya na amsawa.

Ya ture na'urorin wasan da mutane suka kawo gyara gefe guda, ya ɗauko tasu, tsohuwar nan da sai an kifa ta take yarda ta karanta faifai. Ya haɗa ta da talabijin mai ƙatuwar ƙeya, ya ajiye hannun wasa biyu da kofin shayi biyu.

Faifan yana cikin kwalinsa. Shekara ashirin da biyu ke nan da Wagdi ya kawo shi, ya ce a hannun wani matuƙin jirgi ya saya. Rubutun jikinsa Rashanci ne, ba wanda ya iya karantawa, sai suka raɗa masa Ƙofa Tara. Soja ne a cikinsa wanda ba a ganin fuskarsa, sai hannunsa da bindiga, yana ratsa wani jirgin sama jannati da ƙanƙara ta binne a wata duniya. Duk ƙofar da aka buɗe, muryar wani mutum ta yi magana ta rediyo. Wagdi kaɗai ke ji, don ya ce kawunsa ya yi aiki da Rashawa. Shi ya sa har yau, duk da sanƙo da tumbi, unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Tafinta.

Ƙofa takwas suka buɗe. Ta tara kuwa, da sun taɓa ta hoto ya daskare, saboda karcen da ke jikin faifan. Sun goga man goge baki, sun goga bawon ayaba, sun hura, sun yi addu'a. Sai wannan makon Fikri ya samu injin goge faifai, ya cinye karcen.

Inuwa ta tare hasken. Wagdi ya sunkuyo ya shigo yana nishi, da ƙunshin 'ya'yan kabewa a hannu.

"Baban Rawya, wa ya mutu ka rufe shago?"

"Zauna."

"Ko iyayen yara sun gano kai kake lalata musu na'ura don su dawo?"

"Daga sama kake, wurin Umma?"

Fara'ar Wagdi ta ragu. Ya ja kujera.

"Daga can nake. Cokali uku ta sha. Tana taga tana kallon ruwa."

"Da wane suna ta kira ka?"

"Ka sani ai."

"Ina so in ji."

"Nagib."

Umma, mahaifiyar Fikri, ta fara manta sunan kowa sai na ɗanta na fari. Yaya Nagib ya bar gida ne ranar da injin jirgin kamun kifin Abba ya ƙone a hannunsa, Abba ya tsaya a gaban masunta ya ce ba shi da ɗa mai wannan suna. Ya shiga jirgin dakon kaya, bayan wata huɗu aka ce jirgin ya nutse. An yi zaman makoki babu gawa. Likita kuwa ya gaya wa Fikri ranar Asabar cewa idan akwai wanda Umma ke son gani, a kira shi cikin watan nan.

Wagdi ya hango abin da ke kan tebur. 'Ya'yan kabewar da ke hanyar bakinsa ta tsaya.

"Kai ba ka girma? Mun yi furfura fa."

"Na gyara shi."

"Ba ya gyaruwa."

"Ɗauki hannunka."

Na'urar ta yi kukan nan nata, ta yi shiru, ta sake. Allon ya rabu gida biyu, Fikri a sama, Wagdi a ƙasa, kamar yadda suke tun suna yara. Katin ajiyarsu bai manta ba. Ya sauke su daidai inda suka tsaya, a doguwar farfajiyar da ke gaban ƙofa ta takwas.

Ƙanƙara tana zuba ta rufin jirgin da ya fashe, ba ta sauri, ba ta ƙarewa. Fitilu shuɗaye suna kamawa suna mutuwa. Fikri ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi. Ya daɗe yana ganin farfajiyar nan a mafarki, ya fi sanin lungunanta a kan titin makarantar 'yarsa. Yana da shekara sha biyar lokacin, wata shida bayan makoki, ba ya ci ba ya magana. A nan cikin ƙanƙarar ya fara dariya kuma, shi da bai taɓa ganin ƙanƙara da idonsa ba.

Abokan gaba, wasu halittu na gilashi, suka fito daga bango. Yatsun mutanen biyu suka tuna abin da kawunansu suka manta.

"Hagunka."

"Na gani."

"Har yanzu ɓarnar harsashi kake, Tafinta."

"Har yanzu kana leƙen rabina."

Ƙofa ta takwas ta buɗe. Rediyo ya yi ƙara, muryar ta zo, mai kauri, a gajiye.

Fikri ya ajiye hannun wasan a cinyarsa.

"Fassara."

"Ka haddace ai."

"Fassara min."

Wagdi ya lumshe ido kamar yadda ya saba, ya rage murya.

"Ya ce, ƙanena, ban mutu ba. Kunya ce ta riƙe ni. Ina bayan ƙofa ta gaba, kada ka yi gaggawa, amma ka zo."

Fikri ya gyaɗa kai a hankali. Maganar ta shige shi daidai inda ta saba shiga, duk da abin da ya riga ya sani.

"Shekaranjiya Dakta Insaf ta kawo hannun wasan ɗanta."

"To."

"A Rasha ta yi karatun likita. Shekara bakwai."

Wagdi ya ajiye hannun wasansa.

"Ina gwada faifan ta shigo. Ta tsaya tana ji, sai ta yi dariya. Ka san me mutumin nan yake cewa?"

Wagdi ya kawar da kai.

"Cewa yake iskar shaƙa ta kusa ƙarewa, a bi matakalar dama, a kashe injin sanyaya ɗaki. Na sa mata ta uku. Na sa mata ta biyar. Babu ƙane a ciki, Wagdi. Babu wa. Kwamanda ne yake ba da umarni."

"Wataƙila Rashancinsu na asibiti daban ne."

"Kada ka ba ni dariya, don zan iya marinka ina dariyar."

Wagdi ya ɗauki kofin shayi, ya mayar bai sha ba.

"Ba ni da kawu," ya ce. "Ko ɗaya ba ni da shi. Uwata ita kaɗai ce a wurin iyayenta."

"Kalma nawa ka sani?"

"Biyu. Eh da a'a. Su ma ina rikita su."

Abin haushi, dariya ta taso wa Fikri har maƙogwaro. Ya haɗiye ta da ƙyar, ta bar masa ɗaci.

"Da ƙaryar ce kaɗai da na yafe. Yaro ya ga abokinsa zai mutu da baƙin ciki, ya ƙago masa labari. Da na sumbaci sanƙonka ma. Amma kwana biyu ina zaune ina tuna abin da ka faɗa. A ƙofa ta biyar me ka ce?"

"Na manta."

"Ka ce, a gaya wa tsohuwa ta daina barin fitilar baranda a kunne, ya san hanya. A ta bakwai ka ce ya yi mafarkin kifin sardin a kan gawayi, an matsa masa lemun tsami biyu. Har muka yi ta dariya, wai wane sojan sararin samaniya ne ke kewar sardin."

"Yara ne mu."

"Lemun tsami biyu, Wagdi. A gidanmu mutum ɗaya ke matsa biyu. Kuma ba ka fara cin abinci a gidanmu ba sai bayan tafiyarsa."

A allon, sojojinsu biyu suna tsaye ƙanƙara na taruwa a kan bindigoginsu. A waje guduma ɗaya ta tsaya, ɗayar ta ci gaba ita kaɗai.

Fikri ya jawo fitilar gyara.

"Sannan karcen. Shekara goma sha takwas ina wannan sana'a. Faifan da ya faɗi, karcensa a karkace yake tafiya. Wanda na'ura ta ci, zobe yake yi cikakke. Wannan kuwa an bi gefensa ne a hankali, rabin zobe, da abu mai tsini, da hannun da ke rawa."

"Ƙugiya ce."

Wagdi ya faɗe ta a hankali, har Fikri ya ɗauka kunnensa ne.

"Ƙugiyar Abbanku. Ina zaune a matakalarku na yi. Ban ma san inda zai kama ba, Allah ya sa ya kama daidai."

"Allah ya sa."

"Haka na ce a lokacin."

"Daga ina faifan ya fito?"

Wagdi ya share fuskarsa da tafin hannu.

"Daga wurinsa."

Fikri ya san amsar tun shekaranjiya, amma jin ta daban ne. Ya ji shagon ya yi nisa, kamar yana kallonsa ta ƙarƙashin ruwa.

"Nagib bai hau jirgin ba ranar da ya nutse," Wagdi ya ci gaba. "Zazzaɓi ya kwantar da shi a wata tasha a bakin tekun Bahar Aswad, can wajen Rasha, suka tafi suka bar shi. Da ya warke ya ji an yi makokinsa. Ya ce hakan ya fi wa kowa, Abba ya samu mataccen ɗa da zai yi wa addu'a maimakon rayayye da zai ji kunyarsa. Wani mai dafa abinci a jirgi ne ya kawo min faifan da wasiƙa. Bayan nan duk zuwansa da wasiƙa."

"Me ya sa kai?"

"Don ni ba kowa ba ne. Ba wanda zai ga matuƙi ya tsaya da ni ya yi tambaya."

"Wasiƙa nawa?"

"Tara."

"Ya sa ka rantse."

"Ya ce kada in faɗa wa kowa da bakina yana raye. Faifan kuma naka ne, ya ce in ba ka ka rage kuka. Da muka kunna, mutumin nan ya fara magana, ka juyo ka ce ko me yake cewa. Wata shida ban ji ka yi tambaya ba. Wasiƙar tana aljihuna. Sai na ji bakina ya buɗe."

"Ka ce ba da bakinka ba."

"Da bakin kwamanda na faɗa. Haka na yi wa kaina fatawa."

Fikri ya tuna yadda suke kwana ashirin, wani lokaci wata guda, Wagdi yana ƙin zuwa a buɗe ƙofa ta gaba. Yau ciwon kai, gobe aike. Ashe jirgin mai dafa abinci yake jira.

"Wasiƙa ta taran fa?"

Wagdi ya kalli ƙasa.

"Gajeriya ce. Ya ce idan yaron ya kai ƙarshen wasan, to ya yi ƙarfin da zai iya riƙe magana. Ka gaya masa komai, shi ya san yadda zai yi da Umma."

"Sai ka ɗauki ƙugiya."

"Sai na ɗauki ƙugiya."

"Me ya sa?"

"Fikri."

"Me ya sa, Wagdi?"

"Saboda kujerar."

Wagdi ya ci gaba.

"Ka tuna ranar da Umma ta ce in daina cin abinci a tsaye? Ta jawo kujerarsa ta ce zauna nan. Da sanyi ya shigo ta ba ni rigarsa. Ni ban san uba ba, uwata tana wankau a gidajen mutane daga safe zuwa magariba. Ban taɓa zama a tebur ana jirana kafin a fara ci ba. A titi kuma na zama Tafinta, yara na matsa min in zauna kusa da talabijin. Na ce mako ɗaya kawai zan ƙara. Mako ɗaya in ci abinci a kujerar nan, sai in faɗa."

"Shekara ashirin da biyu."

"Mai dafa abincin ya daina zuwa. Na ce idan na faɗa yanzu, a nema a tarar ya mutu da gaske fa? In sa ta yi makoki sau biyu? Da Abba ya rasu na zo har ƙofar nan sau uku. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, ni ina ƙara tsoro. Yanzu tana kirana da sunansa ina amsawa. Kana ganin barci nake?"

Fikri ya dube shi. Wannan mutumin ne ya ɗauki makarar Abba a gaba. Shi ya yi wa Rawya kiran salla a kunne ranar da aka haife ta. Shi yake hawa bene huɗu kullum da gwiwarsa mai ciwo don ya ba Umma miya a baki. Fikri ya nemi ƙiyayya a zuciyarsa ya same ta, tana nan da zafinta, amma ƙaunar ba ta matsa mata ba. Wannan ya fi komai ba shi haushi.

"Ina wasiƙun?"

"Na ƙona takwas."

"Ta taran?"

"Ya ce sai ka buɗe ƙofar ƙarshe."

"Wasa kake da ni?"

"Abu ɗaya ya roƙe ni da zan iya cikawa yanzu. Ka bar ni in cika shi."

Ƙofa ta tara ba ta buɗuwa da mutum ɗaya. Maɓalli biyu ne, ɗaya a kowane gefe, sai an danna tare. Fikri ya ɗauki hannun wasansa. Wagdi ya goge tafinsa a wando ya ɗauki nasa.

Babu abokin gaba a wannan farfajiyar. Tafiya ce kawai, doguwa, ƙarar takalmansu a kan ƙarfe, numfashinsu yana yin hazo a gilashin hular. Sun yi wannan tafiya ya fi sau ɗari, kullum tana ƙarewa da daskararren hoto da zagin Wagdi.

"Ɗaya," in ji Fikri.

"Biyu."

Suka danna.

Na'urar ta yi kuka. Ƙanƙarar da ke allon ta tsaya cak, daƙiƙa ɗaya, biyu, sannan ta ci gaba da zuba.

Ƙofar ta rabu.

Ɗaki ne ƙarami. Babu dodo, babu soja, babu kowa. Kujera ɗaya ce a gaban wata babbar taga, a can nesa cikin baƙin sarari wata duniya shuɗiya tana juyawa, ƙarama, ruwa ya kewaye ta. Suka tsaya suna kallo. Fikri ya ji kamar da zai matsa kusa, zai hango Anfushi a gefenta, da baranda mai fitila a kunne.

Rediyo ya yi ƙara. Kwamanda ya yi maganarsa ta ƙarshe, doguwa, ya yi shiru.

Wagdi bai lumshe ido ba wannan karon.

"Ya ce ka zare takardar da ke bayan kwalin."

Fikri ya juya ya kalli kwalin faifan. Kwalin nan yana aljihun teburinsa tun yana yaro. Ya bi shi gidan aure, ya bi shi shago uku. Sau nawa ya goge masa ƙura.

"Ni na sa ta," in ji Wagdi. "Ranar ƙugiyar. Na kasa ƙonawa. Na ce ko ba komai tana hannunka."

Fikri ya jawo kwalin. Da ƙyar ya zare hoton sojan. A bayansa wata 'yar takarda ce da ta yi ruwan ƙasa, an ninke ta huɗu. Tun kafin ya karanta ya gane rubutun, mai kwanciya zuwa hagu, wanda ke bangon duk littattafan makarantar da ya gada. Layi uku, sannan lambar waya.

"Lambar gida ce," Wagdi ya ce. "Ta shekara ashirin da biyu. Kada ka sa rai, Fikri. Mu nemi Dakta Insaf tukuna."

Fikri ya riga ya fara dannawa. Ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a kan tebur tsakanin kofunan shayin da suka huce.

Shiru mai tsawo. Sannan ta fara ringi, wani irin ringi mai nisa da ba irin nasu ba.

Sau uku.

Daga bene na huɗu aka jiyo tarin Umma ta taga.

Sau shida.

Aka ɗauka.

Muryar mace ce, budurwa, tana Rashanci da sauri. Fikri ya sunkuyo kan wayar. Ya yi sallama. Ta sake magana, ya sake sallama, ya faɗi sunan garinsu. Ba tare da ya sani ba kansa ya juya wurin da ya saba juyawa.

"Me take cewa?"

Hawaye na bin fuskar Wagdi har cikin wuyan rigarsa.

"Ban sani ba. Wallahi ban taɓa sani ba."

Yarinyar ta matsa daga wayar. Suka ji an ja kujera, an buɗe wani abu, takarda ta yi ƙara. Da ta dawo muryarta ta sauya, tana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta abin da aka daɗe da koya mata, cikin Larabcin masuntan Anfushi.

"Kai ne Fikri? Ka buɗe ƙofar?"